Ranar da na kira sunan Malam a zaure

Har yau na kasa yanke wa kaina hukunci: mutumen nan mai kabu-kabu da ya kawo maganin mijina, wulaƙanta ni ya yi, ko aikinshi ya tsare? Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban yi karatun boko ba. Na ce ta rubuta har da kukan.

Malam, mijina, manomin shinkafa ne a fadamar Wurno. Tun da anka saki ruwan dam ɗin Goronyo yake cikin ruwa har gwiwa, rani da damina. Fitsarin jini ya kama shi, ya ce ai kowa na yi. Da girma ya zo, abin ya zama ciwon mara mai hana zama da kwanciya. Likita ya rubuta wani magani mai ƙarfi na kashe zafi, wanda babu shi a kemis ɗin garinmu. Ɗanmu da ke Sakkwato ya samo wasu masu magani da ba su da kanti, aiko wa kawai suke yi har gida. Ni ya ba da a matsayin mai karɓa, tunda ni ke jinya.

Da hantsi anka yi sallama. Na leƙo zaure, na tarar da ƙanen Malam da maƙwabta masu dubiya zaune kan tabarma. Mai kabu-kabu dattijo ne, ƙura har gira. Ya nuna mani ƙunshin a liƙe, ya ce in duba ba a ɓare ba. Na miƙa hannu, sai ya miƙo mani waya.

Wata mace ce, mai haɗa maganin. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Inna, ki faɗa mani sunan majinyacin da na mahaifinshi."

Tun da anka kai ni gidan nan ban taɓa kiran sunan Malam ba, balle na surukina. Ko ɗan wani ke da sunan, sai in sake mashi wani.

Na ce, "Ɗiyata, mai sunan mai hubbaren garinmu ne."

Ƙanen Malam ya ƙyalƙyale. "Ai sunan rabin mazan Wurno ke nan! Matar yaya, yau mu ga ta inda za ki ɓulla."

Ya faɗi sunan da kanshi. Mai kabu-kabu ya girgiza kai. Ya ce maganin irin wanda samari ke nema ne su sha su bugu, an taɓa tare shi a hanya da sunan ƙarya, don haka daga bakin wadda anka rubuta kawai ake karɓa.

Na ce, "Kai ba ka da mata a gida?"

Ya ce, "Ina da ita, Inna, ita ma ba ta faɗi. Amma in kin ƙi, garin Rabah zan wuce da shi, sai wani zuwan."

Daga ɗaka na ji nishin Malam. Na dubi ƙasa na faɗi sunanshi, na faɗi na babanshi. Matar ta ce ba ta ji ba, waya na yankewa. Na ɗaga murya na sake, gaban maza. Ba wanda ya yi dariya, har ƙanen nan mai baki. Da sun yi, da ya fi mani sauƙi.

Ta bayyana mani yadda zan ba shi, ta ce in ɓoye sauran inda hannu ba ya kai. Na karɓa ban yi godiya ba.

Na shiga na ɗaga kan Malam, na ba shi da ruwan randa. Da zafin ya lafa sai ya kama gefen zanena. Ya yi kwanaki bayan nan kafin ya rasu, amma harshenshi bai sake tashi ba sai da salati. Abin da ya roƙa ranar ban yi mashi ba. Na ja gyale na rufe fuska, na ce ya bari, mutane na ji. Abin da na yi wa baƙuwa a waya, shi na hana shi.

Murmushi yake lokacin da ya ce, "Ashe kin san shi. Sake faɗi in ji."