Harsashi Hamsin da Gaisuwar Kawu

Awo ne sana'ata. Karatu ya kawo ni Lyon daga Damagaram, da na gama na samu aiki a ɗakin gwaji na wata masana'anta a Saint-Fons, inda nake wuni ina auna garin da ko ƙwayar gero ta fi shi nauyi. Ina ji da hannuna ƙwarai, har fiye da kima.

A masallaci na san wani dattijo mutumin Tawa, wanda ya yi ritaya daga wannan masana'anta tun kafin in zo. Baba nake ce masa. Tsofaffin da na sani rediyo ne abokin hirarsu, shi kuwa ɗan kulob ɗin harbi ne, da lasisinsa da takardunsa cif. Kowace Asabar da hantsi yana can yana huda takarda. Bindigarsa ƙarama ce mai juyi, irin ta da can da ake ɗura wa albarushi. Wani maƙerin bindigogi ya sauya mata ciki ta koma cin harsashi, amma ƙarfenta na nan yadda yake, ba ya jure ƙarfin harsashin kanti. Saboda haka Baba da kansa yake haɗa mata nata a gida, masu sanyi, yadda ake dama wa tsoho kunu.

Da idonsa ya fara rauni, sai ya ja ni. Na shiga kulob ɗin, na yi takarduna, na zauna kusa da shi wata da watanni a ɗan ɗakin da ya ware wa aikin. A jera kwanson harsashi hamsin a katako mai ramuka, a auna albarushi, a zuba wa kowanne ta mazurari, a haska tocila a leƙa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a danna dalma a rufe. Hatsarin yana cikin sanyin nasu. Albarushin ɗan kaɗan ne a gindin kwanso, ko ka zuba sau biyu ba zai tumbatsa ya tona maka asiri ba. Sai ranar harbi, bindiga ta tarwatse a hannun mai ita.

Dokarsa ɗaya ce. Waya tana kicin, baki a rufe.

"Ko liman ne ya yi sallama, bar shi a ƙofa," in ji shi. "In aka katse ka kuwa, juye duka ka sake. D'accord?"

Nakan ce to, amma a raina dariya nake. Ni da ake biya albashi don in yi awo?

Wata Juma'a bayan masallaci ya tafi ganin likitan ido, ya bar ni ni kaɗai a karo na farko. Wayar tana aljihuna. Na wuce rabi sai ta yi ƙara. Kawu ne, yayan mahaifiyata da ke Sevran kusa da Paris, mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Ta yaya zan ga sunansa in ƙyale? Na maƙale ta a kafaɗa.

"Ina wuni? Ina gajiya? Ya aiki? Ya sanyin Lyon? Ya mutanen gidan? Kun ji daga gida?"

Gaisuwar Kawu ba ta da gajeriyar hanya. Sai da muka zagaye Damagaram gida gida kafin ya faɗi abin da ya sa ya kira: gobe sunan jikarsa, kuma ba ya son jin wani uzuri.

Da ya kashe, na dubi katakon. Mazurari na zaune a bakin wani kwanso. Na zuba masa ne, ko yanzu zan zuba? Hannuna ya ci gaba da aiki lokacin da bakina ke amsa lafiya lau, ko ya tsaya? Na san dokar. Amma juye kusan talatin a sake, ga tikitin jirgin ƙasa ban saya ba. Na ce ai hannuna ba ya kuskure. Na zuba, na ƙarasa, na yi musu kallo ɗaya daga sama ba tare da tocila ba, na rufe su duka.

Baba ya dawo da ɗigon magani a ido, yana lalube. Ya shafa akwatin ya ce, "Komai lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Washegari a jirgin ƙasa abin ya taso mini. Mun bar Lyon da kamar rabin awa na ga mazurarin nan a idona, zaune a bakin kwanso. Na tashi na je wajen shan kofi, ban sha ba na dawo. Na zauna, na miƙe. Matar da ke kusa da ni ta ja jakarta ta rungume. Ina ta lissafi: ɗaya cikin hamsin ne, wataƙila ma babu. In na kira Baba, me zan ce? Na karya dokarka, na kuma yi maka ƙarya ido da ido? Kunya ta riƙe ni har muka wuce gonaki da ƙauyuka da ban san iyakarsu ba. Tsoron zubar da girmana nake, alhali yatsun wani ne cikin hatsari. Har yau in na tuna wannan awa guda ina jin haushin kaina.

Da muka shiga Paris na duba agogo. Lokacin da yake isa kulob ya yi. A nan kan dandamalin tasha na kira, mutane na bangaje ni da akwatuna. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san dalili, abin toshe kunne yana kansa, wayar tana cikin jaka. Na sake kira. Na sake. Kawu ya shigo layi yana nemana, na katse shi, abin da ban taɓa yi ba. Na kira lambar kulob ɗin, ba kowa a ofis. Gumi ya jiƙa mini babbar rigar da na saka don suna.

A kira na bakwai ya ɗauka.

"Allô? Salamu alai..."

"Baba, kada ka harba! Ajiye ta!"

Tun da aka haife ni ban taɓa yi wa babba magana ba gaisuwa ba. Ina jin ƙarar harbin wasu a bayansa.

"Waya ka amsa," ya ce. Ba tambaya yake ba.

"Ita na amsa, Baba."

"Na harba goma sha biyu. Bon. Na rufe akwatin. Je ka ci sunanka."

Na je Sevran, an ci an sha, ban san ɗanɗanon komai ba.

Ran Litinin bayan aiki na same shi ya jera sauran talatin da takwas yadda suke a akwati. Auna su a rufe ba ya nuna komai, don nauyin dalma yakan bambanta. Dole a cire kan kowanne a juye a kan sikeli. Ni nake cirewa, ni nake karanta masa. Na farko daidai. Na biyu daidai. Na uku, allurar ta haura ta tsaya a ninki.

Da ya sake cika bindigar sau ɗaya, da wannan harsashin yana ciki.

Na jira faɗa. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ɗaga hannunsa na dama kusa da idonsa mai rauni, ya buɗe yatsun ya rufe, ya sake buɗewa, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙo mini shi, tafin a sama.

Na ɗauka musafaha yake so, na kawo nawa.

"Wayar," ya ce.