Gefe na Uku na Faifan Kawu

Lokacin Kofin Duniya, a ƙasar Larabawan da nake aiki, ina cikin jirgin ƙasa zan je unguwar West Bay, na ji wani Bature yana kushe wani tsohon kundin kiɗan rok mai faifai biyu, wato gefe huɗu, wai ya cika tsawo, faifai ɗaya ma ya isa. Kundin da marigayi Kawuna yake ji da shi ne. Ban san sanda na tsoma baki ba.

Kawu gyaran rediyo yake yi a Sanaiya, unguwar masu sana'ar hannu da ke bayan garin, shagonsa kullum warin dalma da ƙamshin shayi. Ba a tsallake waƙa a gabansa. Yakan goge faifan da hularsa, ya ɗora allura, ya ce, "Gefe biyun farko nuna gwaninta ne. A na uku jita ke sanyi, mawaƙi ya gaji ya faɗi gaskiya. Wanda bai jure shi ba, ba zai ji daɗin na huɗu ba."

Da korona ta yi tsanani, na kira shi daga asibiti ina kuka, na ce zan ajiye aikin jinya in koma gida. Ya kara wayar a jikin garmahon, na ji jitar nan tana tafiya a hankali. Ya ce, "'Yata, gefe na uku kike. Zauna."

Na zauna. Shi ne bai ga ƙarshen annobar ba.

Na zayyana wa Baturen karatun Kawu har ya wuce tasharsa. Ya tambayi inda na karanci kiɗa. Na ɗaga kai na ce, "A Sanaiya."

Allah ya ji ƙan Kawu, ya sa gefe na huɗu ya tarar.