Rigunan Otal da Bu Hasnawati Ta Jera

Shekara goma sha tara Bu Hasnawati ta yi tana rubuta awo a shagonmu na ɗinki a Makassar, a ƙasar Indunusiya. Ni ne mai yanka. Ita ke auna mutum, ta rubuta a littafi, in yanka, teloli su ɗinka. Mijinta ya rasu tuntuni, da wannan aikin ta raini 'ya'ya uku.

Da Daeng Rewa, mai shagon, ya sayo kwamfuta, bai tambayi ra'ayin kowa ba. Ya ce daga yau awo a jadawali zai zauna. Wata biyu ta yi tana bugawa da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci, har hannunta ya faɗa.

Sai wani otal ya ba mu ɗinkin rigunan ma'aikata sittin, kowace da sunan mai ita a ƙirji. Ta je ta auna su, ta shigar da komai: suna a layin farko, sannan kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Otal ya ce a jera sunayen bisa harufa. Ta zaɓi layin sunaye, ta danna, suka jeru tsaf. Ta buga mini takarda, na yanka.

Ranar gwaji, mai gadin otal, ƙato kamar ƙofa, ya kasa zura hannu a rigarsa. Wata 'yar siririya mai gyaran ɗakuna kuwa tata ta kai gwiwa. Mutum uku kacal tasu ta zauna daidai.

Daeng Rewa ya fara da ni, wai idona ya mutu. Na ce ga takarda, ga riga, a auna. Aka auna, daidai. Aka zargi tef ɗin awo, aka sayo sabo. Wani tela ya ce yadin ne ya tsuke. Aka tambaye shi yadda yadi ɗaya zai tsuke wa wani ya buɗe wa wani, ya koma kan kekensa.

Kwana biyu Bu Hasnawati tana kallon jadawalin, shinkafarta na hucewa a gefe. Ba lambar da ta ɓata, ba sunan da ya ɓata.

"Daeng, ni na auna mai gadin nan da hannuna," ta ce wa mai shagon. "Sai da na hau kujera. Ta yaya kafaɗarsa za ta koma ta yarinya?"

Maƙwabciyarta, Bu Marwah, mai aiki a kantin magani, ita ta leƙo ta gani. Ta ce sunayen kaɗai suka tashi, awo ya tsaya inda yake. Da ta zaɓi jadawalin duka, da sun tafi tare. Ta tambaye ta ko wani ɗan akwatin rubutu bai fito a fuskar kwamfutar ya yi mata gargaɗi ba.

"Ya fito. Kullum fitowa suke. Na ɗauka gaisuwa ce."

Rigunan ba su yi asara ba, kowace tana da mai ita. Sunaye hamsin da bakwai muka warware muka sake ɗinkawa.

Yanzu ta iya jerawa, har tana kulle layin kai kada ya motsa. Amma kafin ta ba ni takarda sai ta nemo mafi ƙiba a cikin mutanen, ta duba kafaɗarsa tukuna.