Tsutsar Roba a Ƙarƙashin Hula

A bakin kasuwar Kurmi, ta wajen Jakara, mutane sun kewaye rediyon mai faci suna sauraron rantsar da gwamnatin farar hula. Wani dattijo siriri mai furfura ne kaɗai ya ba su baya.

Tsutsotsin roba ne a gabansa, waɗanda ake soka wa ƙugiya a yaudari kifi. Yana ɗora bakin wuƙa a wutar mai facin, ya taɓa inda kifi ya yaga, ya matse, ya hura a hankali kamar mai yi wa jariri tofi. Ina jin gwiwoyinsa ne suka daina barinsa ya durƙusa haƙar tana, 'yan robobin nan su kaɗai ke kai shi bakin ruwa.

Rana ta iso kan tsutsotsin, ga roba ba ta jure zafi. Sai ya cire farar hularsa ya kife su da ita.

"Haba Baba, kai ba hula a kasuwa?" in ji mai facin. "Yau fa ranar farar hula ce!"

"Ai aikinta ke nan, ɗana," in ji dattijon. "Ta yi wa mara ƙarfi inuwa."