Masar Sadakar Bakwai

Lokacin da muke zaune a Arlit, kowace la'asar nakan ɗauki wayata in shiga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Tawa da mijinta ya rasu yana tuƙin motar kamfanin ma'adinai. Labarin soyayya nake karanta mata, irin wanda ake turo mana babi-babi. Saurayin ya shiga ƙungiyar asiri, amininsa ya ci amanarsa, aka kashe shi.

Bayan mako guda sai ga ta da faranti cike da masa, tana raba wa 'yan kabu-kabun bakin layinmu.

Na ce, "Inna, mutumin littafi ne fa."

Ta ce, "Na sani. To wa gare shi da zai yi mishi sadakar bakwai?"

Muka ci har da neman ƙari. A babi na gaba marubuciyar ta dawo da shi da ransa, wai gawar wani aka binne. Na yi ta dariya, Inna kuwa ta ja dogon tsaki.

Ta ce, "Ci gaba, ɗiyata. Ladar ta koma ma nawa mijin, shi da ba mai rubuto shi ya dawo."