Malam Ikrima da Tekun da Babu a Anka

Kullum da sassafe za ka ga Malam Ikrima ya tsaya da tsohon babur ɗinsa a rumfar mai caji da ke bakin kasuwar Anka. Zai karɓi kwamfutarsa, ya ɗaure ta a baya da roba kamar buhun gero, ya nufi makarantar 'yan matan da yake koyar da Turanci. Shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, kuma a watan nan zai ajiye.

Sai da furfura ta cika masa gemu ya koyi kwamfuta, har abokan aiki na yi masa tsiya, wai tsoho da wasan yara. Bai kula su ba. Ya samo wani shafi a intanet da ke jan ɗalibi mataki-mataki wajen rubuta sakin layi. Akwatin farko ka faɗi maganarka, na biyu ka kawo hujja, na uku ka rufe. A sama kuma akwai misali.

Misalin nan ne ya so ya ɓata aikin. Ya ba aji jinga, washegari ya karɓi takardu arba'in, duk labarin yawo a bakin teku, ko harafi bai bambanta ba. Yawancin 'yan matan sun taso ne a gidajen malamai, inda ɗaliba ta ƙwarai ita ce mai kawo hadda ba ƙari ba ragi. Shi ma ɗan gidan allo ne, don haka bai daka wa kowa tsawa ba. Dariya ya yi har da hawaye.

Ya dubi Ramlatu, wata 'yar Bagega, ya ce, "Ke, yaushe kig ga teku?"

Ta ce, "Ban taɓa gani ba, Malam. Ai ba a canza karatu."

"Maganar Allah ta ba a canzawa. Nan taki aka biɗa."

Ramlatu ba ta yi dariya ba. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar Turanci, ga burinta na shiga kwalejin kiwon lafiya, kuma mahaifinta ya ce wannan zaman shi ne na ƙarshe.

Malam ya liƙa takarda a fuskar kwamfutar ya rufe misalin. Malama Zulai, mai koyar da lissafi, ta shaida cewa mako uku yarinyar nan na zama gaban akwatin farko, ba ta sa ko ɗigo ba. Shi kuwa bai ara mata kalma ɗaya ba. Tambayarsa dai ita ce, "Mi kig gani da idonki?"

Ran nan ta rubuta cewa ƙanwarta Sa'a, wadda gubar dalma ta taɓa tun tana goye, ba ta magana amma ana fahimtar ta. Akwati na biyu ya nemi hujja. Ta zuba yadda Sa'a ke jan gefen mayafi in tana son ruwa, da yadda take jeren takalman babansu a bakin ƙofa duk ranar da ya daɗe bai dawo ba.

Malam, kai ne ka jure shirun mako uku, alhali faɗa mata amsar ya fi sauƙi. Kai ne ba ka raina haddar yaran nan ba, ka dai nuna musu inda ba muhallinta ba ne.

Ramlatu ta ci jarrabawa. Mahaifinta ya hawo babur tun daga Bagega ya zo godiya, ya ce, "Malam, ta fassara mini abin da tar rubuta. Shekara da shekaru ina tsallake takalman nan, ban san jirana Sa'a taka yi ba."

Mun gode, Malam Ikrima, Allah ya sa hutun ya zo da lafiya. Ku kuma malaman da ya bari a aji, in ɗaliba ta yi shiru gaban takarda, ku daure ku jira ta.