Dundumin Maliki Masunci

Maliki ɗan Argungu ne gaba da baya, masunci ɗan masunci. Yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗora shi kan gora ya tura shi cikin gulbin Rima. Ya sha ruwa ya ƙoshi, ya fito yana kuka, washegari ya koma da ƙafarsa. Bai taɓa yin wata sana'a ba. Yana da jin kai irin na waɗanda suka iya aikinsu; in ka ce masa sannu da gajiya, sai ya tambaye ka wa ya ce ya gaji.

Sai dai Allah ya yi shi da dundumi. Da rana idonsa garau, yana hango motsin tarwaɗa inda wasu ba su ga komai ba. Rana na faɗuwa kuwa, ko tafin hannunsa ba ya gani sai da wuta. Ya san ranar da masunta suka ji, babu wanda zai ƙara barinsa ya shiga jirgi, shi kuma in an raba shi da ruwa an gama da shi. Saboda haka ya ɓoye.

Matarsa Ummu Hani kaɗai ta sani, ita ma ba gaya mata ya yi ba. A makon amarcinsu ta ga ya yi karo da turmi sau biyu, ya kuma zagi turmin. Ta kama bakinta.

Da bazara da damina babu damuwa, yini yana da tsawo. Lokacin sanyi ne tashin hankalinsa. Da safe ruwa ba ya shiguwa sai hantsi, yamma kuma ba ta jira, kana sallar la'asar magariba na bisa kanka. Ga shi a lokacin ne ruwa ke ja baya kifi ya taru. Don haka duk shekara, sanyi na shigowa, Ummu Hani takan kwashe kayan bandarta daga gida ta kai bakin gulbi inda ake ɗaure jirage, ta hura wuta mai tsawon harshe. Da wutar nan Maliki yake saita jirginsa. In ya sauka ta ɗauki kifi ta yi gaba tana zuba surutu, shi yana bin muryarta har gida. Mata suka tambaye ta ko gidan ne ya yi mata kaɗan, ta ce hayaƙi na sa surukarta tari. Surukar ta rasu, ta ce ai kajinta ma ba sa so. Aka yi mata shaidar surutu, alhali a gida sai ta yini ba ta yi magana goma ba.

Shekara talatin da uku suna haka. Daminar bara zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta.

Ɗansu Sunusi, malamin makaranta da ke zaune a Gesse cikin Birnin Kebbi, ya roƙe shi ya koma wurinsa. Maliki ya ce, "In tai in yi mi? In zamna in riƙa kallon bango?"

Sanyi ya shigo, ya ci gaba da fita, yana ɗaure jirgi tun la'asar sakaliya. Mako uku abin yana yi. Ran wata Alhamis birginsa, wato ragar da yake kamu da ita, ya maƙale a kututturen da ke ƙarƙashin ruwa. Da ya yanke shi ya tafi, amma Maliki bai taɓa yanke raga ba, yana ganin abin kunya ne. Ya nutsa, ya sake nutsawa. Ko da ya ɓanɓaro shi ya hau jirgi, ana kiran magariba.

Ya tuƙa, jirgin ya shige cikin ciyawa. Ya juya, ya sake shiga wata. Ya rasa ina ne gari ina ne fadama. Rigarsa jiƙe take sharkaf, haƙoransa na haɗuwa. Can nesa yana jin muryoyin masunta suna sauke kaya. Ya san in ya yi shiru asirinsa na nan, amma da wuya sanyin ya bar shi ya kai safe. Ya daɗe riƙe da filafili, sannan ya ƙwala wa Riskuwa kira, sa'ansa da suka yi shekara hamsin suna gasar kamu.

Riskuwa ya janyo shi har gaɓa. Maza suka kewaye shi da tocila.

"Maliki, mi as same ka?" in ji Riskuwa.

"Ba ni gani. In rana ta hwaɗi ba ni gani. Tun ina yaro."

Riskuwa ya ce, "To shekarun ga duka, ƙaƙa kaka komowa gida?"

Maliki ya buɗe baki zai ba da amsa, sai kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'izar Ummu Hani. Dattijo ne mai furfura, tsugune cikin laka, babu wanda ya iya cewa ya yi haƙuri. Riskuwa ya yafa masa bargonsa, ya kama hannunsa suka ratsa gari.

Ranar Asabar Sunusi ya zo da mota ya ɗauke shi. Da suka kai inda ake hango ruwa daga titi, ya rage gudu don uban ya duba. Maliki bai juya ba, ya ce masa ya ƙara mai.